Jan Gilashin Boon Leong

Ranar da Ooi Boon Leong ya sayi kyamara, kafin rana ta take duk layinmu ya ji labarin cewa garin Taiping ya yi mai hoto. Ni da na shekara ashirin da biyu a ƙarshen layin ina ɗaukar hotunan aurensu da na katin shaidarsu, sai na zama kamar ban taɓa buɗe shago ba. Laraba ce, sha uku ga Yuli, 1966. Na rubuta a littafina, don fadan da ya koyar da mu a makarantar mishan ya ce abin da ba a sa wa kwanan wata ba, bai faru ba.

Boon Leong maƙerin kwano ne. Bokiti, mazurari, indararo, duk yana bugawa, kuma a garin da ruwan sama ba ya fashin kwana biyu, mai indararo ba ya kwana da yunwa. A kan kwano hannunsa ba shi da na biyu, wannan ba zan hana masa ba. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da ya riƙe na minti biyar, to shi ya ƙirƙiro shi.

Kyamarar a hannun wani Bature mai kula da gonar roba ya same ta, da mutumin zai koma gida. 'Yar Jamus ce, irin mai ido biyun nan, ɗaya bisa ɗaya, wadda ake riƙewa daidai cibiya a sunkuya a leƙa ta sama. Idon sama na leƙe ne kawai. Idon ƙasa shi ke ɗaukar hoto, a kan fim mai faɗi da ke cin hoto goma sha biyu. Baturen ya haɗa masa da akwatin sigari cike da tarkace: zobban ƙarfe da gilasai masu launi, waɗansu na wannan kyamara, waɗansu na kyamarorin da suka daɗe da mutuwa.

Ya zo ya juye akwatin a kan teburin shagon kofin Kawu Foo, ya ture kofina gefe.

"Ɗan mishan, wanke idonka ka ga kyamara. Ba tsohon akwatin nan naka ba da kake shiga ƙarƙashin baƙin zane kamar mai ɓuyan 'yan sanda."

"Kyamara ce mai kyau," na ce, don gaskiya ce. "Ka iya ta?"

"In iya ta? Ina ɗaukarta hannuna ya gane ta."

Kawu Foo na tace kofi, bai ko juyo ba. Shi Tauke yake kiran Boon Leong, wato maigida, don tsokana. "Haka ka ce ranar da ka sayi babur, Tauke. Har yau shatinka na jikin katangar mai wanki."

"Katangar ce ta shigo hanya. Ku dai saurara. Ranar Lahadi ni zan ɗauki hoton Ah Ma."

Nan na ajiye cokali. Ah Ma Gaik ita ce tsohuwar gida mai koriyar taga, kakar duk layin, kuma ranar Lahadi za ta cika tamanin. 'Ya'yanta biyar, rabon da su taru a ɗaki ɗaya shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da autanta Kok Wah ya shiga aikin kuku a jirgin ruwa. Ya zo hutun kwana goma, zai koma Alhamis ta sama. Biyu daga cikinsu mata ne, su kuma Litinin za su koma gidajen mazajensu, ɗaya Singapore, ɗaya Kuantan. Tsohuwar ba ta roƙi zinariya ba. Hoto ɗaya ta roƙa, ita a tsakiya, su biyar kewaye da ita. Ni ta fara yi wa magana. Amma matar babban ɗanta, Siew Kim, ƙanwar Boon Leong ce, ita kuwa ta ce me zai sa a kira bare alhali ga gwani a dangi.

Boon Leong ya zaro wani jan gilashi daga tarkacen, ya ɗaga shi ga haske.

"Da wannan zan ɗauka. Masu cin gasa a Hong Kong da shi suke aiki. Sama ta yi baƙi, gajimare ya fito kamar auduga. Kuma ja launin sa'a ne. Biki ja, riguna ja, gilashi ja. Sa'a a kan sa'a."

"Boon Leong, fim ɗinka baƙi da fari ne. Jan gilashi yana mai da duk jan abu fari."

Ya dubi mutanen shagon ɗaya bayan ɗaya. "Ku ji mini! Ja ya mai da ja fari. Kawu Foo, in ka zuba kofi a kan kofi, madara yake komawa?"

Shagon ya kwashe da dariya, har da mai turin keken da ba ya dariya sai an ba shi canji. Ni na ci gaba da shan kofina. Ban taɓa cin musu da ba'a ba.

Gilashin dai ya ƙi hawa. Bakin kyamarar ƙugiya uku gare shi, a sa a juya kaɗan ya kama. Gilashin kuwa na murɗawa ne irin murfin kwalba, kuma ba girmansu ɗaya ba. Sai ya shiga zobban. Na farko ya mai da ƙugiya ta zama murɗi. Na biyu ya ƙara faɗi, bai kai ba. Na uku ya ƙara, ya zarce. Na huɗu ya rage, ya dawo da baki ƙasa da inda aka fara. A kan na huɗun ne gilashin ya zauna. Idon kyamarar ya yi tsiri gaba, zobe bisa zobe, kamar hannun matar mai kantin gwal.

Saura hula. Hula 'yar rumfa ce da ake sa wa idon kyamara don kada rana ta faɗa masa kai tsaye. Ta gaskiyar tana cikin akwatin, gajera, mai kusurwa huɗu, an auna ta daidai da faɗin hoton. Ba ta hau kan jan gilashin ba. Boon Leong ya jefa wa Kawu Foo ita.

"Riƙe, ka zuba tokar sigari. Wannan hula ce ta ƙasar da ba ta da rana. Ni zan buga tawa."

Ranar Alhamis ya zo da ita: bututun kwano, tsawon ɗan yatsa, an shafe cikinsa da baƙin fenti. Aikin ya yi kyau, ko walda ba a gani. Kawu Foo ya leƙa, ya nuna ni da baki, ya ce, "Ita ke nan? Ai hancin Ambrose ya fi ta." Ranar Juma'a ta dawo tsawon yatsa biyu. Da yamma yana nuna ta a bakin titi sai ɗigon ruwa ɗaya ya sauka a kan gilashin, ya ce wannan raini ne, hular da ba ta tare ruwan Taiping ba hula ba ce. Ranar Asabar ta kai taƙi guda. Da ya leƙa ya ga ta fara tare wa idon sama, sai ya koma maƙera ya matse ta, ta zama siririya kamar bakin buta.

"Yanzu fa," ya ce, ya kafa ta a gabana. "Faɗi aibinta."

"Idon ƙasa ba zai ga komai ba sai ɗan rami a tsakiya."

Ya sunkuya ya leƙa ta sama. "Ga Kawu Foo can har da gashin hancinsa. Ga titi, ga kasuwa, ga dutsen bayan gari. Ina ramin?"

"Ta idon sama kake gani. Babu hula a kansa."

"Ido biyu a kai ɗaya, ɗaya ya ga gari ɗaya ya ga rami? Kai idonka na hagu da na dama gari dabam-dabam suke gani?"

"Buɗe bayanta tun ba ka sa fim ba. Ka shimfiɗa farar takarda mai shara-shara inda fim ke zama, ka buɗe ido, ka ga abin da zai faɗo. Minti biyu ne. Ko ka ɗauki fim ɗaya na gwaji, in wanke maka yau."

"Gwaji na masu shakka ne. Na taɓa gwada bokiti kafin in sayar?"

"Shi ya sa nawa ke yoyo," in ji Kawu Foo.

Na je wurin Siew Kim na faɗa mata komai, dalla-dalla. Ta saurare ni tana yankan albasa, ta ce, "Kawu Ambrose, hassada ba ta yi wa mai furfura kyau." Na je wurin Ah Ma na roƙi in zo da kyamarata, ko da a bayan ƙofa zan tsaya. Tsohuwar ta girgiza kai.

"In ka zo da ita, surukata za ta kumbura har sabuwar shekara, ni ce kuma zan ci girkinta. Zo ka ci taliya, Ambrose. Bar akwatinka a gida."

Na bar shi a gida. Cikin kurakuran rayuwata, waɗanda na jera su tsaf, wannan ne na uku.

Ranar Lahadi an ci taliyar tsawon rai, wadda ba a yankewa, an raba jajayen ƙwai, 'ya'ya da jikoki sun durƙusa sun miƙa wa Ah Ma shayi. Ƙarfe biyu da minti goma aka fito da kujeru bakin titi. Mutum ashirin da uku, layi uku. Ah Ma a tsakiya cikin jar riga ta siliki, bayanta an rataye jan ƙyalle mai rubutun fatan tsawon kwana. Masu caca a kan lokacin da ruwan sama zai sauko, da ke zama a bakin kasuwa, sun ce ƙarfe uku zai sauko, su kuwa ba su cika kuskure ba.

Boon Leong ya fito da farar kwat da igiyar wuya. Ya kafa kyamarar a kan ƙafa uku, ya ɗaura hular. Yana sakin hannu kyamarar ta sunkuyar da kai ƙasa kamar kaza ta ga tsaba, don bututun ya fi ƙarfin wuyanta. Ya ɗago ta, ya ɗaure. Ta sake sunkuyawa. Ya cire igiyar wuyansa ya ɗaure ta da ita.

"Yaya, yi sauri mana," in ji Siew Kim. "Hadari na haɗuwa."

"Hadarin nake jira. Shi ne adon hoton."

Akwai abin da ban faɗa masa ba, don bai tambaya ba: madubin da ake leƙawa ta sama yana juya hagu ta koma dama. Ya leƙa ya ga layin ya karkata.

"Kowa ya matsa hagu!"

Suka matsa hagu. A madubinsa suka tafi dama.

"Na ce hagu! Ba ku san hannun da ba a cin abinci da shi ba?"

Suka ƙara matsawa, har mijin babbar 'ya ya sa ƙafa a kwata. Boon Leong ya juya kyamarar don ya bi su, suka gudu daga madubin gaba ɗaya. Ya juya ta ɗaya gefen, ya wuce su, ya kamo shagon mai aski.

"Tauke," Kawu Foo ya ɗaga murya daga inda yake tsaye da faranti, "mutanen suna nan inda ka bar su. Ɗago kai ka gan su."

"Mai hoto ba ya kallon mutane, madubi yake kallo."

Jan gilashi yana shanye haske, wannan kam ya karanta a jikin kwalinsa, saboda haka dole idon ya daɗe a buɗe. Ya ce kada wanda ya motsa, kada wanda ya yi numfashi, sai ya ƙirga uku. Ƙirgarsa kuwa irin ta mai wa'azi ce, tsakanin ɗaya da biyu yakan tsaya ya yi bayanin ƙasar Jamus. Na tsaya gefe da agogona ina ƙirga masa hotunan. A na farko ɗan jariri ya yi atishawa. A na biyu kyamarar ta fara sunkuyawa a hankali yana cikin ƙirga. A na huɗu zanzaro ya shiga bututun. Ya hura, zanzaron ya fito ta inda ya shiga ya sauka a leɓensa ya harbe shi, daga nan umarninsa ya koma "gada gowa ya motsa". A na shida wani maƙwabci da ya ga kamar an gama ya kunna wa igiyar tartatsin biki wuta, ta shiga fashewa kamar harbin bindiga, karen gidan ya ratsa tsakanin ƙafa ukun, Boon Leong ya rungume kyamarar yana dannawa.

"Wannan ma ya shiga?" Kok Wah ya tambaya. Dogo ne, baƙin rana, mai manyan kunnuwa, yana tsaye bayan kafaɗar uwarsa.

"Da gangan na yi. Ana kiransa hoto mai rai."

"Ni dai nawa ran ya kusa fita," in ji Ah Ma, ba ta ko motsa leɓe sosai ba. "Boon Leong, na haifi biyar, babu wanda ya daɗe haka."

Na bakwai, na takwas, na tara, yana ta farautarsu hagu da dama. Ƙarfe uku saura minti takwas ruwa ya tsinke. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mutane suka watse da kujeru a ka. Boon Leong ya ɗaga kan kyamarar sama don ya kamo gajimarensa, hular kuwa, da yake maƙerin indararo ne ya buga ta, ta yi aikin da ta gada: ta tara ruwa ta cika. Ya sauke ta da sauri, ruwan ya zubo masa a takalmi, santsi ya kwashe shi, yana faɗuwa yana danna na goma sha biyu, daidai lokacin da Kok Wah ya sunkuya yana buɗe wa uwarsa laima.

Ya tashi da taɓo har gira, ya ɗaga hannu. "An gama! Tarihi ya shiga akwati."

Na ce ya ba ni fim ɗin in wanke kafin magariba, don in da gyara a sake gobe da safe kafin matan su tafi. Ya ce fim irin wannan ba ya shiga ramin ɓera. Ya aika da shi wani babban gidan hoto a Penang, da takarda: a zaɓi wanda tsohuwar ta fi fitowa, a faɗaɗa shi, a sa masa firam ɗin da ya dace, a aiko a jirgin ƙasa na ranar Alhamis. Jirgin da zai kawo hoton shi ne zai wuce da Kok Wah kudu, zuwa tashar jirgin ruwansa.

Kwana huɗu ba mu sha kofi cikin kwanciyar hankali ba. Boon Leong ya ce hoton zai je gasa a Tokyo. Daga Tokyo sai London. Jamusawa za su rubuto su nemi awon hular. "Ni ba don yau nake aiki ba," ya ce da kumburarren leɓensa. "Wannan hoto, bayan duk mun mutu ana nan ana kallonsa."

"Kai dai fara mutuwar, mu ga," in ji Kawu Foo.

Ranar Alhamis rabin layin ya bi su tasha, don Boon Leong ya bi gida-gida ya gayyata. Jirgin ya shigo sha biyu saura ashirin, tsayuwarsa minti takwas. Aka sauko da ƙunshi babba, naɗe da takarda da igiya. Boon Leong ya sa aka zaunar da Ah Ma a benci, shi ya hau kan akwatin kaya ya fara jawabi. Ya gode wa Bature, ya gode wa ubansa da ya koya masa walda, ya yafe wa mahassada ba tare da ya kama suna ba, yana kallona. Minti biyar suka tafi.

"Yaya, jirgi!" in ji Siew Kim.

Ya yanke igiyar, ya yaye takardar, ya ɗaga hoton sama fuskarsa na kallon jama'a, shi yana bayansa yana murmushi.

Ban taɓa jin tashar jirgi ta yi shiru haka ba.

Hoton baƙi ne ƙirin daga kusurwa zuwa kusurwa. A tsakiya akwai da'ira ɗaya kamar bakin rijiya, cikinta Ah Ma ita kaɗai, daga ƙirji zuwa kai. Jar rigar ta zama fara fat. Jan ƙyallen bayanta ya zama fari. Leɓenta ya koɗe, fuskarta ta yi sumul kamar an shafe ta da alli. Fari kuwa kowa ya san ranar makoki ake sa shi, kuma kowa ya san a dutsen kabari ake manna hoton tsohuwa cikin da'ira. Mutanen Penang ma sun sani. Sun sa masa baƙin firam, sun maƙala ɗan kati a kusurwa.

Kawu Foo ya matso ya karanta katin da ƙarfi, don shi bai iya karatu a zuci ba. "Muna taya iyalan marigayiya juyayin wannan babban rashi."

Wata tsohuwa ta tofar da yawu sau uku. Mai sayar da gyaɗa ya cire hularsa. Babban ɗan Ah Ma ya zauna a kan jakar ƙanensa. Boon Leong ya leƙo ta gefen firam ɗin, ya ga abin da ya ɗaga, murmushin ya tsaya a fuskarsa ya rasa hanyar fita.

"Salo ne," ya ce. "A Turai yanzu haka ake yi."

"Ina mijina?" in ji Siew Kim. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ya fi ihunta ban tsoro. "Ina 'ya'yana? Mutum ashirin da uku, Yaya. Ina ashirin da biyu?"

"Suna ciki. Duhu ne ya rufe su. In aka duba da kyau..."

"Ka kashe mini uwar miji a gaban gari!"

"'Yan Penang ne suka ɓata! Ko kuma ɗan mishan ne ya yi mini baki, kowa ya ji shi yana cewa rami, rami!"

Laimar Siew Kim ta sauka a kafaɗarsa. Ya diro daga kan akwatin, ya sa hoton a gaba kamar garkuwa, ita tana zagayawa tana neman inda babu uwar mijinta don ta doka. Kok Wah ya fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, sai na ga yana share ido da bayan hannu. Jirgin ya yi kuka.

Ah Ma ta miƙe. Ba ta dubi hoton ba. Ta gyara wa autanta wuyan riga, ta ce, "Hau. Jirgi ba ya jiran sakarkaru." Ya hau. Muka tsaya har hayaƙin ya ɓace bayan itatuwan roba. Hannuna na ta laluben ƙirjina inda kyamara kan rataya, babu komai sai maɓallin riga.

Sannan ta juyo. "Ambrose. Sha biyu na ji kana ƙirgawa. Ina sha ɗayan?"

Fim ɗin na cikin ambulan a bayan firam. Muka tafi shagona, ita da sandarta a gaba, rabin layin a baya, Boon Leong can ƙarshe ɗauke da marigayiyar da ke tafiya a gabansa. Na shiga ɗakin duhu, minti arba'in na fito da takarda ɗaya: da'ira goma sha biyu, layi-layi, kamar faranti na ƙwai. Na ɗora a kan teburi, na miƙa mata gilashin ƙara girma.

Farautar da ya yi hagu da dama ita ta cece mu. A da'ira ta uku ga babban ɗanta, ido rufe. A ta biyar ga 'yar Singapore da rabin mijinta. Ta shida wutsiyar kare ce. Ta bakwai allon mai aski. A ta takwas ga ɗa na biyu yana hamma, a ta tara ga 'yar Kuantan, kyakkyawa, ita kaɗai ta fito kamar an nufa. Ta goma takalma. Ta sha ɗaya gajimare, kuma in faɗi gaskiya, gajimaren ya yi kyau ƙwarai.

"Huɗu," in ji Ah Ma. "Ina Kok Wah?"

Na sake bi ɗaya bayan ɗaya. Babu shi. Na ce, "Ah Ma, ki yi haƙuri. Ta ƙarshen ba komai ba ce, kan laima ne da wani abu."

Ta karɓi gilashin ta sunkuya a kan ta goma sha biyun. Gefen laima ne, da ɗigon ruwa, da kunne ɗaya, babba, mai ɗan tsagi a sama. Ta daɗe a kansa.

"Ga shi nan," ta ce.

"Kunne ne kawai, Ah Ma."

"Shekara goma sha biyar ina jan kunnen nan. Na fi saninsa da fuskarsa. Tsagin nan ma ni na yi shi." Ta ɗago. "Faɗaɗa mini su biyar ɗin, girma ɗaya. Ka yanke, ka manna a jan kwali, ni a tsakiya. Ka sa mini karen a ƙasa, shi ma ɗan gida ne."

Boon Leong ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Kun gani ko? Da ma abin da na nufa..."

"Kai kuma," ta ce, ba ta juya ba, "kawo wancan. Ka naɗe shi da jan ƙyalle ka tura ƙarƙashin gadona. Zai yi amfani, amma ba yau ba. Indararon gidana kuma yana yoyo tun bara. Hau ka yi abin da ka iya."

Na yi aikin kwana biyu da almakashi da gam. Ta rataye shi a falo, sama da rediyo: tsohuwa cikin farar riga, 'ya'ya huɗu, kunne ɗaya, wutsiya ɗaya. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa da sanda, ta kira sunan kowa, in ta zo kan kunnen ta ce, "Wannan autana ne, yana teku." Su biyar ɗin ba su sake haɗuwa a gabanta ba. Ta yi shekara goma sha uku bayan nan, ta binne Kawu Foo, ta binne karen.

Da ta rasu aka jawo hoton daga ƙarƙashin gado. Babu abin da aka gyara, ko firam ba a canza ba. Daga shi aka ɗauki wanda aka gasa a kan tangaran aka manna a dutsen kabarinta, can kan tudu.

Ni hotunana dubbai ne, duk daidai suke, haske daidai, kusurwa daidai, suna cikin akwatunan mutane kyankyasai na cin gefensu. Boon Leong fim ɗaya ya ɗauka a duniya. Amma har ya tsufa, duk shekara ranar sharar kaburbura, yakan tsaya a gefen dutsen nan da laimarsa yana tare masu wucewa.

"Kun ga wannan? Aikina ne. Shekara da shekaru yana waje, ruwa da rana, ko kwana ɗaya ba a taɓa sauke shi ba. Je ku tambayi ɗan mishan ko yana da ɗaya irinsa."

Sun zo sun tambaye ni. Ba ni da shi.